Wasiƙa Zuwa Kumasi: Maganar Lauyan Filin Baba

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso kan filin marigayi Baba, Allah Ya jiƙansa, da lauyan da yayanka ya ce ya sani a nan Kano. Don Allah kada ka tura ko kwabo tukuna.

Sanin lauya daban, sanin aikinsa daban. Wanda ya kamata ka tambaya shi ne mutumin da shari'arsa ta ƙare a hannun lauyan. Ka samu mutum 3 irin haka, waɗanda ba su san juna ba, ka ji: da kansa yake zuwa kotu ko yaransa yake turowa? Idan an ɗage zama, yana kira ya yi bayani? Kuɗin da aka yi da farko, a kansa aka tsaya? Wanda aka kayar a kotu amma har yau yana yabon lauyansa, shaidarsa ta fi ta kowa nauyi a wurina. Mai unguwa da liman za su shaidi halin mutum, amma ba su za su gaya maka ko ya iya harkar fili ba. Dillalan harabar kotu kuwa la'ada suke nema, ka rabu da su.

Wani abu da nake so ka duba da kyau: yayanka shi ma magaji ne. Ba zargi nake yi ba, amma ka tambayi lauyan ƙiri-ƙiri wa yake wakilta, kuma ko ya taɓa yi wa masu jayayya da ku aiki. Sannan a tantance irin shari'ar. Rabon gado na kotun Musulunci ne. Rigimar mallakar fili mai takardar gwamna kuwa, dokar filaye ta 1978 Babbar Kotun Jiha ta ba wa. Gwanin karɓo beli zai iya shigar da ƙara inda ba hurumi, a shekara ana zarya, daga baya a kore ta.

Duk lauyan gaske sunansa na cikin rajistar Kotun Ƙoli da lambarsa. Tun 2015, takardar da ya shirya sai da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA mai ɗauke da sunansa. Ka sa amintacce ya je reshen ƙungiyar na Kano ya tambaya, ya kuma leƙa ofishinsa ya gani da idonsa.

Maganar kuɗi a rubuta ta: ladan aiki nawa, kuɗin shigar da ƙara nawa, na halartar kowane zama nawa. Ka biya kashi-kashi ta banki, ka karɓi rasit. Wanda ya ce lallai za ku ci, ko ya san alƙali, tashi ka ba shi wuri.

Da yake kana nesa, za a nemi ka sa hannu a takardar wakilci. A nan ake cutar mazauna waje. A taƙaita ta ga bin shari'a kaɗai, a cire ikon sayarwa da jingina. Takardun asali su zauna a hannun Hajiya, kwafi ya isa a fara aiki. Idan lauya ya ci amana, ana kai ƙorafi kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke iya soke sunansa, kuma rasit da yarjejeniyar nan su ne hujjarka.

Ka turo mini kwafin takardun a makon nan. A gaishe da mutanen Zango.

Naka har kullum,
Abokinka