Mutumina, ga cikakken labarin tirelar nan

Assalamu alaikum.

Kai wallahi ba ka da kirki. Sai da ka ga bidiyon tirela a kan layin dogo yana yawo a WhatsApp sannan ka tuna kana da aboki a reluwe, ka turo min "kana lafiya???" kamar wanda ya biyo bashi. To ina nan da raina, sai dai gajiya da baƙi da na ƙara saboda rana. Bari dai in ba ka labari don bidiyon nan ko rabin abin bai nuna ba, wanda ya ɗauka ma hannunsa rawa yake yi.

Tirelar irin mai ƙasa-ƙasan nan ce da ake ɗaukar katafila, kuma katafilar ce a kanta. Mararrabar tana da ɗan tudu a tsakiya, ƙaramar mota ba za ta ma ji shi ba, amma doguwar tirela mai zurfin ciki in kanta ya haye ya fara gangarawa sai cikinta ya zauna daram a kan dogo. Haka aka yi. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Abin da ya fi ƙona min rai, direban da yaron motarsa sai suka shiga neman duwatsu da katako za su cusa a ƙarƙashin taya, babu wanda ya yi tunanin ya ruga ya gaya wa mai tuta don a kira tasha a tsayar da jirgi. Tsohon nan mai tuta shi ya hango da kansa, ya kira, aka ce masa ai jirgin kaya ya riga ya baro tasha, sai ya ɗauki jar tutarsa ya bi gefen layi a guje yana kaɗawa, mutumin da ko tafiya da ƙyar yake yi saboda gwiwa.

Ka san wa ke tuƙa jirgin? Ustaz. Eh, Ustaz namu dai. Ya ce min yana fitowa daga kwana ya hango tuta, ya ja birkin gaggawa gaba ɗaya, ya danne oda, daga nan kuma babu sauran abin yi, sai ya ce wa mataimakinsa ya kwanta a ƙasa, shi kuma yana ta salati yana kallon katafila tana ƙara girma a gilashi. Allah ya kiyaye babu rai ko ɗaya. Yaron motar ne ya samu karaya, shi ma don ya gudu ta ɓangaren da jirgin ya dosa, wato inda duk ɓaraguzai za su watsu. In mota ta maƙale maka a kan dogo, fita za ka yi ka bar ta, ka gudu kana nesanta da layi amma ta wajen da jirgin ke tahowa, don duk abin da ya daka gaba yake watsa shi. Ka gaya wa yaranka wannan, da gaske nake.

Ustaz dai har yanzu ba ya barcin kirki. Ya ce da ya rufe ido sai ya ji ƙarar. Ga shi kuma ya je ya karanta abin da mutane ke rubutawa a Facebook, na ce masa ya daina bai ji ba, wani har cewa ya yi wai direban jirgi makaho ne da bai taka birki ba, wani ya ce me ya hana shi kaucewa. Kaucewa fa! Ya kauce ya bi ina? Jirgi ba shi da sitiyari. Kuma jirgin kaya mai cikakken lodi in yana gudun kilomita 90 a awa, daga inda aka ja birki zuwa inda zai tsaya cak ya kan haura kilomita 1 da rabi. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, wurin da kowace ƙafar jirgi ke taɓa dogo bai fi faɗin farce ba, wannan santsin shi ya sa kan jirgi ɗaya ke iya jan taragu masu nauyin dubban tan, shi ne kuma ya sa ba ya tsayuwa da wuri. Duk lokacin da direban jirgi ya hango ka da idonsa a kan mararraba, to yawanci magana ta riga ta ƙare, abin da ya rage ya rage maka ƙarfin dukan ne kawai.

Kuma kai ma ba na cire ka a cikin masu laifi, kar ka yi min fuskar salihai daga nesa. Wa ke sunkuyar da kai ya bi ta ƙarƙashin shinge da babur yana cewa ai yana can nesa, tafiyar hawainiya yake? Idonka ne ke yaudararka malam. Abu in ya cika girma, kuma yana tahowa kusan saitinka, sai ka ga kamar a hankali yake tafiya alhali gudu yake shararawa. Sannan jikin jirgi ya fi dogon faɗi, ya kan zarce da kusan mita 1 ta kowane gefe, shi ya sa masu tsayawa dab da layi suna jin ai ba su hau ba suke shan mamaki. Ga kuma inda layi biyu ne, ɗaya na wucewa kowa ya danno, ashe na biyu na tahowa ta ɗaya gefen a bayan na farkon.

Ka tuna na Legas, ranar 9 ga Maris 2023, bas ɗin ma'aikatan gwamnatin jiha a mararrabar PWD a Ikeja? Masu tuta sun tsayar da motoci, direban ya ga zai iya riga jirgi wucewa, jirgin ya tura bas ɗin har wajen Shogunle, mutum 6 suka rasu, da yawa suka jikkata, mutane ne kawai da suka fito za su tafi ofis da safe. Na Manfalut a Masar a 2012 kuwa ko tunawa ba na son yi, motar 'yan makaranta ce, yara kusan 50, can kuma shingen ne ba a rufe ba, har ministan sufuri sai da ya ajiye aiki. To ka ga ba kullum laifin mai mota ba ne, wani lokacin namu ne mu ma'aikata, shi ya sa in na ga mai gadin mararraba yana gyangyaɗi ba na masa da sauƙi ko da ya haife ni. Amma wanda ya fi kama da namu shi ne na Hixon a Ingila a 1968, da suka koya mana a kwas. Wata tirela ce ɗauke da tiransifoma mai tan 120 tana rarrafawa a kan mararraba mai shinge mai sauka da kansa, shingen kuma daƙiƙa 24 kacal yake bayarwa kafin jirgi mafi gudu ya iso, ina tirela mai wannan nauyi za ta haye a daƙiƙa 24? Mutum 11 suka mutu. Tun daga nan suka ƙarfafa dokar cewa mai babbar mota mai tafiyar hawainiya sai ya tsaya ya buga waya an ba shi izini kafin ya hau. Shekara sama da 50 kenan, mu kuma ga direba yana neman duwatsu. Indiya ma da ta ga abin ya ishe ta, zuwa 2019 ta kawar da duk mararrabar da ba ta da mai gadi a manyan layukanta, wasu aka sa mutum, wasu aka yi gada ko hanya ta ƙasa. Gada ita ce maganin gaskiya, mota a sama jirgi a ƙasa kowa ya kama gabansa, sai dai kuɗi.

Af, kafin in manta, Likita ya sayi mota. Kar ka tambaye ni kala, shi ma kansa ba ya iya faɗin sunan kalar. Ya ɗauke ni ran nan, muka zo mararraba ba jirgi ba alamarsa, ya tsaya ya leƙa hagu ya leƙa dama ya sauke gilashi ya kashe rediyo har na baya suka fara masa oda, ya juyo ya ce min ai tunda ya ga bidiyon nan ya tuba. Na ce Allah ya sa ta ɗore. Kuma wai maganar auren nan ta sake tashi, wannan karon ya ce da gaske ne, ni dai sai na gani a ƙasa.

To bari in koma, don abin da ya fi cin raina ba karon ba ne, abin da ya biyo baya ne. Mutane suna ganin da an janye tirela shi kenan jirgi ya ci gaba. Ina! Katafilar nan da aka tura ta kankare layi mai nisa, dogo ya lanƙwashe, kankaren da dogon ke zaune a kai sun farfashe, wayoyin sigina sun tsinke, kan jirgin ma ƙafafunsa na gaba sun sauka, sai da aka kawo kuren ya ɗaga shi. Kuma layi ɗaya ne a wajen, in ya toshe to na gaba da na baya duk sun tsaya, jirgin da ya kamata ya je ya juyo ya kwaso fasinjan yamma yana maƙale a wata tasha, direbobi lokacin aikinsu ya cika dole a nemo wasu, haka abu ke bin abu har jadawalin kwanaki ya rikice saboda mutum ɗaya.

Muna cikin wannan aka ce tunda layi a rufe yake mu bi da na'urar duba cikin ƙarfe. Irin sikanin da ake wa masu ciki ne, sauti take aikawa cikin dogo, in akwai tsaga sai ya dawo da wuri ta nuna a allo. Can gaba da inda aka yi karon, a wata kwana, ta fara ƙara. Na durƙusa na duba da idona, saman dogon sumul yana sheƙi, sai wasu 'yan siraran layuka a gefen ciki inda ƙafar jirgi ke gogawa, in ba ka sa farce ka ja ba ba za ka ce akwai su ba. Amma a allo tsagar ta nutsa ciki sosai. Wallahi sai da na ji sanyi a bayana, don jirgin fasinja na bin wajen kullum da cikakken gudu. Muka ɗaure wurin da ƙarfen tallafi, na rubuta a rage gudu sosai har sai an yanke an sa sabo an yi walda.

Daga nan zagi ya fara. Fasinja na cewa jirgin ya zama amalanke, oga na kira yana tambaya wai ba za a ɗan ƙara gudun ba ko kaɗan, mutane na ƙorafi. Na ce ranka ya daɗe ga takarda ga biro, ka sa hannu da sunanka sai a ƙara. Shiru kake ji. Irin wannan tsagar ce fa ta jawo hatsarin Hatfield a Ingila ranar 17 ga Oktoba 2000, jirgi na gudun kusan kilomita 185 a awa dogo ya tarwatse a ƙarƙashinsa gutsi-gutsi sama da 300, mutum 4 suka mutu. Kuma abin takaicin an san da matsalar, har sabon dogon an kawo an ajiye, sakawar ce aka yi ta ɗagawa. Bayan nan tsoro ya kama su don ba su san wurare nawa ke da irinta ba, suka rage gudu a wuri sama da 1,000, jiragen ƙasar gaba ɗaya suka rikice wata da watanni, kamfanin Railtrack mai kula da layin bai kai labari ba, a 2002 Network Rail ta karɓa. Ni gara a zage ni a kan latti, ai mai zagi da ransa yake zagi.

Ga zafi kuma ya shigo, wani ciwon kan. Dogo in ya sha rana ya kan fi iskar wajen zafi da digiri 20, kuma kowane kilomita 1 na ƙarfe yana son ya ƙara tsawon santimita 1 da ɗan wani abu a duk digiri ɗaya. Layin da aka haɗe da walda ba shi da gurbin miƙewa, tsakuwar nan da maƙallan da ke riƙe shi su ke danne shi, in tsakuwa ta yi ƙaranci ko ruwa ya wanke ta sai ka ga layi ya karkace gefe lokaci ɗaya, galibi ma a ƙarƙashin jirgi. Shi ya sa wasu ƙasashen ke shafa wa gefen dogo farin fenti, shi ya sa kuma ake rage gudu da tsakar rana. Yanzu ka haɗa wannan da ɓarayin da ke bi da dare suna kwance maƙallai da noti suna sayarwa a matsayin ƙarfen kilo. Mutum ya kwance abin da ke riƙe da rayukan ɗaruruwan mutane saboda abin da ba zai kai shi ko'ina ba. A Brétigny ta Faransa a 2013 ƙarfen haɗi guda ɗaya ne kusoshinsa suka saki, ya tashi ya maƙale a mahaɗar layi, mutum 7 suka tafi. Guda ɗaya fa. Mu kuwa wata safiyar sai ka ƙirga gurbin maƙallai a jere babu ko ɗaya.

Tsohon mai tutar nan na rubuta a ba shi wani abu na yabo, ban sani ba ko takardar za ta wuce teburin farko. Da na je gaishe shi abin da ya dame shi kawai takalminsa ɗaya da ya ɓata a cikin tsakuwa lokacin da yake gudu, wai in mun gani a wajen aiki mu ajiye masa.

Don Allah ka kira Ustaz, kar ka yi masa maganar karon, ka ja shi da hirar ƙwallo kawai ka bar shi ya yi ta kare ƙungiyar nan tasa da ba ta cin komai. Kuma fitilar goshin da ka ce za ka aiko tun bara, har yanzu a hanya take ko ita ma an rage mata gudu ne? Yau ma aikin dare muke, da an wuce da jirgin ƙarshe za a ba mu layi mu yanke wurin nan, ga masu walda can sun fara kirana. Ka gaida madam da yara, ka ce wa babban na ji labarin sakamakonsa, ya kyauta.

Naka,
ka san ko waye.