Wasiƙa zuwa ga ɗana, bayan wasan hurling na ranar Lahadi

Assalamu alaikum ɗana,

Da fatan ka isa makaranta lafiya. Ummanka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Ka bar Cork ba ka yi min sallama ba, kuma na san ba raini ba ne, kunya ce da ɓacin rai. Shi ya sa na zaɓi in rubuto, don maganar da ke cikina ta fi ƙarfin waya.

Ina tsaye a bakin waya, ruwa yana dukana, lokacin da ka kwashi ƙwallon nan a kan sanda ka ratsa mutum biyu. Na ga bugun da ka yi, na ga yadda golansu ya tare ta da faɗin sandarsa, na ji busar alƙalin wasa. Duk wannan bai dame ni ba, wasa ya gaji haka. Abin da ya hana ni barci shi ne yaron nan, golan nasu, ya cire hular kwanonsa, ya tako har inda kake, ya miƙo maka hannu, kai kuwa ka yi jifa da sandarka ka juya masa ƙeya. Hannunsa ya daɗe a miƙe kafin ya sauke. Mahaifinsa yana kusa da ni, bai ce uffan ba.

Kai da aka haifa a garin nan, kana tsallaka gadar Christy Ring tun kana goye, ka shiga filin Páirc Uí Rinn ba sau ɗaya ba. Duka biyun sunan Christy Ring suka ci, shahararren ɗan wasan hurling na Cork. Ka san lambobinsa fiye da ni: zakaran Ayaland sau 8 da Cork, huɗu daga ciki a jere daga 1941 zuwa 1944, sai 1946, sai uku a jere daga 1952 zuwa 1954. Kofin gunduma 14 da Glen Rovers, Kofin Railway 18 da lardin Munster. Ni da na zo ƙasar nan na ɗauka ƙwallon gora ake yi, sai da tsofaffin direbobin da muke aiki tare suka zaunar da ni suka fahimtar da ni hurling ne, wasan gargajiyar Ayaland na sanda da ƙwallo. Kuma abin da na lura, in hira ta yi daɗi, ba wasannin da ya ci suka fi jan labarinsu ba. Wanda ya rasa suke komawa kai.

Watan Satumba ne na 1956, a Croke Park da ke Dublin. An ɗage wasan ƙarshe na ƙasa, tsakanin Cork da Wexford, a shekarar saboda cutar shan inna da ta ɓarke a Cork. Mutum fiye da dubu 80 suka cika filin, yawancinsu sun zo su ga ko Ring zai ɗauki lamba ta 9, abin da babu wanda ya taɓa yi a lokacin. Yana da shekara 35. Saura ƴan mintuna, Wexford na gaba da ɗan ƙaramin rata, ƙwallo ta faɗo hannunsa, ya kutsa ya sake ta da dukkan ƙarfinsa. Golan Wexford, Art Foley, ya tare. Ka ga, daidai irin taka. Kafin a ankara ƙwallo ta koma ɗaya gefen, Nicky Rackard ya zura ta a ragar Cork, magana ta ƙare. Wexford ta tashi da 2-14, Cork 2-8, wato maki 20 da 14, don kowace ƙwallo a raga maki uku ce.

To me Ring ya yi? Ya je ya kama hannun Foley ya yaba masa, mutumin da ya tsaya tsakaninsa da tarihi. Da aka tashi kuma, ƴan bayan Wexford biyu, Bobby Rackard da Nick O'Donnell, waɗanda suka yini suna gwabzawa da shi, suka ɗaga shi a kafaɗa suka fita da shi daga fili. Su ne suka ci kofin, amma wanda suka kayar suka ɗauka. Bai sake buga wasan ƙarshe na ƙasa ba har ya bar duniya.

Kada ka ɗauka sanyin hali ne da shi. Duk wanda ya gan shi ya ce wuta ne a fili, ba ya son faɗuwa ko a wasan motsa jiki, kuma a zamaninsu babu hular kwano, kai a buɗe ake shiga tsakanin sanduna. Zafin da ka ji ranar Lahadi, nasa ya ninka shi. Ban ce kada ka ji zafi ba, ɗana. Wanda bai ji ciwon faɗuwa ba bai ba wasan zuciyarsa ba. Amma yaron nan bai cuce ka ba, aikinsa ya yi, kuma ya yi shi da kyau.

Akwai abin da ya sa nake jin mutumin nan a raina, ban taɓa faɗa maka ba. Direban motar mai ne, kamar yadda nake direba. Ɗan ƙauyen Cloyne ne, an haife shi a 1920, ya fara da koyon kanikanci, ya ƙare yana raba mai a kan titunan Cork. Wasan nan ba a biyan kowa albashi a cikinsa, tun da aka kafa GAA, ƙungiyar da ke kula da wasan, a 1884 har gobe. Mutumin da dubban jama'a suka yi wa tafi ranar Lahadi, Litinin da asuba yana bayan sitiyari. Sandarsa na cikin mota, in ya sami sarari ya sauko ya yi ta buga ƙwallo shi kaɗai. Ina tuna haka duk lokacin da na tsaya a gefen hanya in yi sallar Azahar, in ga bangon da babu kowa a jikinsa.

Bayan 1956 ɗin ma bai yi zuciya ya ajiye sanda ba. A 1959 aka zaɓe shi gwarzon shekara yana dab da arba'in. Ya ci gaba da buga wa Glen Rovers har 1967, sannan yana cikin masu zaɓar ƴan wasa lokacin da Cork ta ɗauki kofi sau uku a jere daga 1976 zuwa 1978. Ya yanke jiki ya faɗi a kan titi a Cork a watan Maris na 1979, yana da shekara 58. John Doyle na Tipperary ya kamo lambobinsa 8, Henry Shefflin na Kilkenny ya wuce su ya kai 10, amma har yau a Wexford ana ba da labarin hannun da ya miƙa.

Ummanka ta ce ka faɗa mata ka daina wasan. Wannan naka ne, ba zan tilasta maka ba, karatu shi ne gaba. Sai dai ko za ka bari, ba a haka za ka bari ba. Kocinku yana da lambar kulob ɗinsu, na riga na tambaye shi. Ka kira yaron, ka ce masa ya tare da kyau, ka nemi afuwarsa da bakinka, ba da saƙon waya ba.

Sandarka na tsinto ta daga cikin caɓi. Na wanke ta, bakinta ya ɗan tsage, na kai an sa mata ƙarfe. Tana bayan ƙofar ɗakinka. In za ka zo Juma'a ka sanar da ni jirgin da ka shiga, zan jira ka a tashar Kent.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka