Ba duk ciyawar da ta yi ja ce ta mutu ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in yi magana a kan maganin ciyawa tun damina ba ta kankama ba, don ni ma sai da na yi asara kafin na gane kansa.

Shekarar da na fara feshi, tofa ce ta addabi gonata. Na fesa gilaifoset, bayan kwana biyu na dawo na tarar da ita kore shar, kamar ban-ruwa na yi mata. Na ce jabu aka sayar mini. Sai na koma farakwat. Washegari gona ta yi jawur, ina ta murna. Ba a rufa sati uku ba tofa ta sake tofowa. Ashe ganyen da ya taɓa kawai farakwat yake ƙonewa, saiwa tana ƙasa abinta. Gilaifoset kuwa ta ganye yake shiga ya gangara har saiwa, shi ya sa sai an yi sati ɗaya zuwa biyu ake ganin aikinsa. Ga gaggawa, ga kuma wani laifin nawa: da ruwan kududdufi na haɗa shi, alhali laka tana kama shi ta kashe masa ƙarfi.

Asarar kuɗi da sauƙi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake wasa da farakwat. Idan mutum ya sha, babu makarinsa, huhu yake lalatawa, kuma Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007. Amma da idona na ga matashi goye da injin feshi mai yoyo, riga ta jiƙe sharkaf, ba takunkumi ba safar hannu, bakin injin ya toshe ya sa baki ya hura. Wani kuma ya juye ragowar a robar lemo ya ajiye inda yara ke kai-kawo.

Wake ma ya taɓa murɗe mini saboda ban wanke injin ba bayan na fesa 2,4-D, mai kashe faffaɗan ganye, a masara.

Roƙona, ku ware shafi ku kawo malaman gona su bambance mana waɗannan magunguna ɗaya bayan ɗaya. Hukuma kuma ta tilasta a rubuta bayanin jikin kwalba da harshen da manomi ke karantawa.

Wassalam,
Wani manomi mai karanta jaridarku