A Sanar Da Fasinja Doka Da Harshensa Kafin A Sauke Shi Daga Jirgi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan binciken da ake yi wa matafiya a filayen jiragen sama, da kuma ikon da kamfanonin jirage suke da shi na hana mutum shiga jirgi ko sauke shi bayan ya zauna. A da ana ganin maganar ta shafi 'yan Legas da Kano ne kawai, amma yanzu da jirage suke tashi daga Lawanti a nan Gombe, da kuma filin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauchi, musamman lokacin jigilar maniyyata, ta zama tamu.

Ba na cikin masu ganin binciken nan wulaƙanci ne, domin kusan kowace ƙa'ida a cikinsa akwai abin da ya haife ta. A watan Oktoba na 1993 wasu samari huɗu suka karkatar da jirgin Nigeria Airways da ya tashi daga Legas zuwa Abuja, suka kai shi Yamai. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001 a Amurka aka tsananta hana shiga da wuƙa da duk wani abu mai kaifi. Cire takalmi ya biyo bayan mutumin da ya ɓoye abin fashewa a takalminsa a Disambar wannan shekarar, ƙa'idar nan ta hana shiga da abin ruwa da ya wuce mililita 100 kuwa ta fito ne a 2006, bayan an gano wata maƙarƙashiyar kai wa jirage hari da abin fashewa mai ruwa-ruwa a Ingila. Mu 'yan Najeriya ma ba mu manta da abin da Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin aikatawa ranar 25 ga Disamba, 2009 a jirgin da ya nufi birnin Ditiroit ba, da irin kallon da aka daɗe ana yi wa fasfonmu a dalilinsa. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi fushi don an ce ya zubar da ruwan gorarsa ba.

Haka nan ikon matuƙin jirgi yana da tushe. Yarjejeniyar Tokiyo ta 1963 ta ba shi damar tsare fasinja ko sauke shi idan yana da dalilin da hankali zai ɗauka cewa mutumin na barazana ga lafiyar jirgin, ko ta mutanen ciki, ko ga tsari da ladabin tafiya. An ƙarfafa ta da wata yarjejeniyar da aka ƙulla a Montiriyal a 2014, wadda ta ba ƙasar da jirgi ya sauka ikon hukunta mai laifin, kuma amincewar Najeriya, a matsayin ƙasa ta 22, ita ce ta cika adadin da ya sa ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020. A cikin gida kuma akwai Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2022 da ƙa'idojin hukumar NCAA mai sa ido kan harkar sufurin jiragen sama a Najeriya. Don haka idan kyaftin ya ce mutum ya sauka, babu abin da ya fi masa alheri irin ya sauka cikin mutunci, ya nemi haƙƙinsa daga baya. Jirgin da zai ɗaga sama da rayuka fiye da ɗari ba wurin gardama ba ne.

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ana hukunta mutanenmu da dokar da ba a taɓa karanta musu ba. Allunan gargaɗi da Turanci suke, sanarwar lasifika da Turanci, bayanin da ma'aikaciyar jirgi take yi kafin tashi shi ma da Turanci, cikin sauri kuma. A duba dattijon da ya fito daga Dukku ko Nafaɗa ko Ningi, wanda ya sayar da shanunsa ya biya kujerar Makka, bai taɓa shiga jirgi ba. Yana da 'yar wuƙar yankan farce a aljihu, matarsa ta zuba masa zuma a gora, ya sa batirin cajin waya a babbar jaka alhali ƙa'ida ta ce a jakar hannu ake riƙe shi saboda gudun gobara. Da an ƙwace kayan sai ya ɗauka zalunci ne, ya ɗaga murya, jami'i kuma ya ɗauki ɗaga muryar a matsayin taurin kai. Daga nan ƙaramar magana ta zama babba, alhali jimla biyu da Hausa ko Fulatanci sun isa su kashe ta. Na san hukumomin alhazai suna bita, suna gargaɗi a kan goro da kuma sanya ruwan Zamzam a jaka, kuma sun cancanci yabo. To amma bita ta maniyyata ce, sau ɗaya a shekara. Mai zuwa Umara fa, da ɗan kasuwa, da mara lafiyar da za a kai Abuja ko Alƙahira?

Sai maganar mata, wadda ban ga dalilin yin sassauci a kanta ba. Tsarin bincike a duniya ya tanadi cewa mace ce take lalube mace, kuma mai niƙabi tana iya neman a kai ta keɓantaccen wuri inda jami'a mace za ta ga fuskarta. Wannan ba alfarma ba ce da ake roƙa. Duk filin da ya rasa isassun jami'ai mata a kowane lokacin aiki, to shi ya jawo rigimar da za ta biyo baya, ba mijin da ya ƙi yarda a taɓa iyalinsa ba.

Akwai kuma tsoron da nake da shi cewa iko irin wannan yana iya zamewa ya koma hukunci a kan kamanni. A Nuwambar 2006 an sauke limamai shida daga wani jirgin US Airways a Amurka bayan an ga wasunsu suna salla a filin jirgi, suka kai ƙara, aka sasanta a 2009. A 2016 an sauke wani ɗalibi daga jirgin Southwest bayan wata fasinja ta ji shi yana waya da Larabci. Mutanenmu masu gemu da rawani da carbi suna bi ta Dubai da Istambul da Landan kullum, ya kamata su san cewa abin da doka ta dogara a kai shi ne aikin mutum da furucinsa, ba suturarsa ko harshensa ba. Su kuma san cewa furucin yana da nauyi: ambaton bam ko da wasa ne ya isa a sauke mutum a miƙa shi ga 'yan sanda.

A gida kuwa ciwonmu bambanci ne. A watan Agusta na 2025 kowa ya ga yadda wani fitaccen mawaƙi ya tsaya a gaban jirgi a Abuja bayan taƙaddama a kan gorar da yake riƙe da ita, sannan bayan 'yan kwanaki aka janyo wata mata daga jirgi a Legas, kan rikicin da ya faro daga kashe waya, aka kai ta kotu aka wuce da ita gidan yari, hoton tsiraicinta kuma ya bazu a intanet. Daga baya Ministan Sufurin Jiragen Sama, Festus Keyamo, ya sanar da sassauci ga dukansu. Ba ina wanke kowa ba ne, domin duka biyun sun saɓa ƙa'ida. Amma talaka ya lura da wanda ya kwana a gidansa da wadda ta kwana a kurkuku, kamar yadda yake lura da manyan da 'yan rakiyarsu suke wuce da su ba tare da an buɗe jakarsu ba. Na'urar bincike ba ta da amfani idan akwai wanda ya fi ƙarfinta.

Saboda haka ina kira ga hukumar FAAN mai kula da filayen jiragen sama na tarayya, da gwamnatocin jihohin Gombe da Bauchi su kafa allunan Hausa, da boko da ajami, masu hotunan abubuwan da aka hana, tun daga ƙofar shiga, a kuma riƙa maimaita sanarwa da Hausa. Gidajen rediyonmu su ware lokaci su gayyato jami'an tsaron filin jirgi su yi wa jama'a bayani. Hukumar NCAA kuma ta wajabta wa kamfanoni ba duk wanda aka sauke takardar da ta faɗi dalili, domin sashe na 19 na ƙa'idojinta ya tanadi diyya ga wanda aka hana shi kujerarsa don an sayar da tikiti fiye da kima, kuma ba tare da takarda ba fasinja ba shi da hanyar nuna cewa ba laifi ya yi ba. A sa teburin karɓar ƙorafi a inda ido zai gan shi, a zaunar da wanda yake jin Hausa a kansa, kafin a fara jigilar maniyyatan bana.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu daga Tudun Wada, Gombe