Haƙuri kaɗai ba ya riƙe ma'aikata

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni fili in yi magana da masu gidajen aiki, waɗanda kullum maganarsu ga ma'aikata ita ce ku yi haƙuri ku daure lokaci ne zai wuce. Haƙuri kam mun gaje shi, amma ba shi kaɗai ke sa mutane su tsaya tare in abu ya yi tsanani ba.

Ni a gidan burodi nake aiki nan Kano. Tunda aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, fulawa da sikari da bota duk suka bi sahu, ga kuɗin dizal na injin kwaɓi in an ɗauke wuta, gidajen burodi da dama suka sallami yara wasu ma suka rufe gaba ɗaya. Namu bai rufe ba, kuma ba don mun fi wasu jari ba.

Ogammu tara mu ya yi ya buɗe mana littafin ciniki, ga abin da ke shigowa ga abin da ke fita, ya ce ko a sallami wasunmu ko kowa ya yarda a rage masa kwana ɗaya a sati. Muka ce a rage kwanan. Wallahi da ɓoye mana ya yi, da tuni an fara gulma ana cewa oga yana cin riba mu muna shan wuya, daga nan kuma sai zuciya ta mutu kowa ya fara neman inda zai koma.

Sannan ya dage kowa ya koyi aikin ɗan'uwansa. Mai kwaɓi ya riƙa tsayuwa bakin tanda, yaron da ke aunawa da yankawa ya koyi danna ƙullu da yatsa ya gane ko ya tashi. Da damina ta zo zazzaɓi ya kwantar da mai tandarmu, aiki bai tsaya ba, kafin asuba burodi ya fita masu shayi sun karɓi nasu, shi kuma ba a taɓa albashinsa ba. In tire ya ƙone ba a cire wa mutum kuɗi, zama ake a duba wuta ce ta yi yawa ko gajiya ce. Muna da adashe ma a tsakaninmu, wanda matarsa ta haihu ko kuɗin haya ya taso masa shi ake ba kwasar farko.

Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma yawancinmu a irin waɗannan wuraren muke. Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiyar masu gidajen burodi su sa wannan batu a taronsu na gaba, a yi maganar albashin mara lafiya da koya wa yara aiki, ba farashin fulawa kaɗai ba.

Naku,
Ma'aikacin gidan burodi, Kurna, Kano