A bar mu mu yi wa James Bond tsiya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta abin da wani marubucinku ya rubuta kan samarin zango da ke raba dare a majalisar shayi suna tsintar kurakurai a finafinan James Bond, har ya kira abin zaman kashe wando. Ina neman 'yar kafa a shafinku in ce masa ban yarda ba. Ni ma ɗan wannan majalisa ne a unguwar Nima ta Accra, ga kuma furfura a gemuna.

Ba wanda zai kama wa fim kuskure sai wanda ya kalle shi har ya haddace. Daga Dr. No na 1962, lokacin Sean Connery, zuwa No Time to Die na 2021 da Daniel Craig ya yi sallama da shi, finafinai 25 ne, kuma a cikinmu akwai waɗanda ba wanda ya wuce su. Tsiyar farko da kowane sabon shiga ke tararwa ita ce: wane irin ɗan leƙen asiri ne wannan da duk otal ɗin da ya sauka sai ya faɗi sunansa na gaskiya, har da maimaitawa kada a manta? Mugun ma da ya kama shi, maimakon ya gama da shi, sai ya ba shi kujera ya karanta masa shirinsa kaf.

Akwai wadda ba ma gajiya da ita. A Diamonds Are Forever na 1971, 'yan sanda sun biyo Bond a Las Vegas, ya ɗaga jar Mustang ɗinsa kan tayoyi biyu don ya kutsa wani lungu. Ya shiga a kan tayoyin dama, ya fito a kan na hagu! Masu fim ɗin sun lura, sai suka cusa wani ɗan hoto na cikin motar tana karkacewa, wai a tsakiyar lungun ta sauya gefe, lungun da ko buɗe ƙofa ba za a iya ba. Wani direban tasi a cikinmu ya ce duk ranar da ya koyi wannan dabara, cunkoson Circle, babbar mahaɗar titunan nan ta Accra, ya daina ba shi tsoro. Sai kuma mai sharar nan na Quantum of Solace na 2008. Bond na zaune kan babur a bakin tashar jiragen ruwa, bayansa wani bawan Allah ya duƙufa yana shara, tsintsiyar kuwa ko kusa ba ta taɓa ƙasa ba, iska kawai yake sharewa. Mu kan tsayar da hoton a waya mu miƙa wa juna, kullum kamar yau muka fara gani.

Ba kuskure kaɗai ido ke kamawa ba. Motar Aston Martin da ta fito a Skyfall na 2012 lambarta BMT 216A, ita ce lambar da ke jikin ta Goldfinger na 1964, kuma da gangan aka yi don irinmu. Ɗan wasa Joe Don Baker mugu ne a The Living Daylights na 1987, sai ga shi a GoldenEye na 1995 ya zama jami'in Amurka abokin Bond, ba ko kunya.

Inda dariyar ke gaurayuwa da ɗan haushi shi ne idan an zo Afirka. A Casino Royale na 2006 an rubuta mana Madagaska, alhali a Bahamas aka ɗauki tseren da Bond ya bi wani da gudu, sannan Bond ya faɗa ofishin jakadancin wata ƙasa wai ita Nambutu, wadda ba ta cikin taswirar kowa. Wanda ya san wannan, gobe in an nuna masa wani daji aka ce Ghana ce, ba zai haɗiye ba tare da tambaya ba. Ina kashe wandon yake a nan?

Mu ma dai ba mu da bakin magana sosai. A shekarun 1980 da 1990, zamanin gidajen bidiyo, masu zanenmu kan zana tallan fim a buhun fulawa, wani lokacin ma ba su kalli fim ɗin ba. Akwai na The Spy Who Loved Me da aka zana Bond kusa da wani ƙaton jan kifi. Yau Turawa ke sayen irin waɗannan buhuna suna ratayawa a gidajen baje kolin zane.

Roƙona, Malam Edita, ku ware mana ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata, masu karatu su riƙa aiko da abin da idonsu ya kama, har da na finafinan Kano da na Kumasi. Lokacin ma ya yi, tunda a 2025 Amazon ta karɓi ragamar Bond kuma ana jiran sabon jarumi. A majalisarmu har yanzu akwai masu kafewa kan Idris Elba, don mahaifiyarsa 'yar Ghana ce, ko da yake haihuwar 1972 ne, gwiwa kuma ba ta ƙarya.

Wassalam,
Mai karanta ku a kullum,
Nima, Accra