Wasiƙa daga Sakkwato: baturan kawu da manhajar da ta ba ni kunya

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Jamus, ya karatu, ya iyali? Mu nan bazara ta kankama, da azahar ko akuya ba ta yarda ta bar inuwa. Inna tana gaishe ka, ta ce wai ko kilishin da ta aika ya isa.

Ka tuna manhajar nan da na fara haɗawa kafin ka tafi, wadda za ka gaya mata kayan wutar da kake da su da kuɗin da kake kashewa a mai, ita kuma ta gaya maka ko ka sayi sola da batir ko ka ci gaba da janareta? To, ta sa na ji kunya a gaban kawu. Bayan an cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, ya zo ya ce in duba masa shagonsa na ƙanƙara da lemo a Mabera. Na zuba komai a kwamfuta, ta ce batir huɗu na ruwa masu 200Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke iya riƙewa) za su yi masa shekara biyar. Ya saya. Ba a cika shekara biyu ba suka daina kai firiza asuba. Bai yi faɗa ba, ka san halinsa. Cewa kawai ya yi, “Ɗana, kwamfutar taka ta taɓa zama a shagona da rana?”

Wallahi ba ta taɓa ba. Shekarun da kamfani ke rubutawa a takardar batir, an auna su ne a zafin digiri 25. Batir mai dalma kuwa, wato irin na ruwan da kawu ya saya, duk ƙarin digiri 10 yana cinye kusan rabin rayuwarsa: a 35 rabi, a 45 kwata. Garin da Afrilu ke wuce digiri 40, ga rufin kwano, ga firiza na fitar da nata zafin a gefe, ni kuma na kwashi lambar takarda na zuba yadda take. Yanzu manhajar tana tambayar inda za a ajiye batirin kafin ta tambayi kuɗinsa. Bayanan yanayi na NASA da nake ɗaukowa na iskar waje ne, don haka na rataye ɗan ma'aunin zafi a jikin baturan kawu, na rataye wani a zauren gidansa na ƙasa. Abin da ya ba ni dariya, da na zuba lambobin, shawarar da ta fi kowace riba ba ta sayen komai ba ce. A ɗauke baturan daga shagon a kai zaure, a ja waya.

Na kuma daina lissafi da matsakaicin rana. Da can cewa nake ana samun wuta awa kaza, rana na fitowa awa kaza, shi ke nan. Yanzu tana bin shekara awa bayan awa, duka 8,760, tana duba abin da ya shiga batir da abin da ya fita. A nan ne ake ganin batir 200Ah mai bolt 12, wanda a takarda kilowat-awa 2.4 ne, rabinsa kawai ya kamata a taɓa in ana so ya daɗe, ga kusan kashi 20 cikin 100 na wutar da aka zuba masa da ba ya dawowa. A nan ne kuma hazon hunturu da ƙurar da ke kwanciya a kan farantan sola suke bayyana. Na ƙara mata mako guda cur ba wuta, saboda abin da muka gani a Oktoba 2024 lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwana a duhu fiye da mako.

Inda na fi jin haushin kaina shi ne wajen kuɗi. Na saka kuɗin ruwa mai tsada, kusa da kashi 27.5 da Babban Banki ya kai a ƙarshen 2024. A haka, naira 100 da za ka tsimi bayan shekara biyar, darajarta yau naira 30 ce. Amma sai na bar farashin fetur da na batirin canji a tsaye kamar an kafa su da ƙusa, alhali hauhawar farashi ta wuce kashi 30 a shekarar. Ka ga na zalunci batirin litiyom, tunda shi tsadarsa a ranar saye take, amfaninsa kuma sai an yi shekaru: caji sau dubu uku ko fiye, kana zuƙe kashi 80 ba ya damuwa. Da na gyara, a shagon da ke aiki dare da rana litiyom ne ke gaba. Mai kunna fitila da fanka kawai, na ruwa bai yi masa laifi ba.

Abu guda ya gagare ni. Nawa ne kuɗin ƙanƙarar da ta narke ana saura awa biyu a sha ruwa a watan azumi? Kawu ya ce ba ƙanƙarar ba ce asarar, mai sayen da ya koma shagon maƙwabci ne. Na buɗe gurbi na ce kowa ya rubuta nasa, amma duk wanda na tambaya sai ya ce “Allah dai ya kyauta”.

Ga roƙona. Litiyom ma yana tsufa ko ba a amfani da shi, musamman in yana cike taf a wuri mai zafi, kuma yadda na sa wannan a manhajar bai kwanta mini ba. Tunda kana da damar shiga mujallun bincike a makarantarku, ka nemo mini gwajin da aka yi wa nau'in batirin litiyom da ake kira LFP a digiri 40 zuwa 45. Zan turo maka fayil ɗin ranar Juma'a in intanet ta yarda. Kada ka yi wa sunayen da na raɗa wa lissafin dariya, rabinsu da Sakkwatanci na rubuta.

Ka gaida madam da yaran. Kawu ma ya ce a gaishe ka, ya ce in za ka dawo ka taho masa da batirin da ya san Mabera.

Naka har kullum,
abokinka na Runjin Sambo